LIKITAN FIƊA MAI AMANA DA CIWON DA DATTAWA KE ƁOYEWA

Duk wanda ya shiga kasuwar Lafiya ta Jihar Nasarawa da hantsi, ya ga yadda a ke lodin doya da riɗi da agushi a manyan motoci, zai ce lalle Lafiyar Barebari ta ci sunanta. Amma a cikin dattawan da ke zaune bakin rumfuna suna ciniki da fara'a akwai waɗanda rabonsu da barcin kirki an yi watanni. Mutum ya kwanta, kafin asuba ya tashi sau biyar ko shida zuwa bayan gida, ya tsaya ya yi ta nishi, fitsarin ya riƙa zuwa ɗis-ɗis, ya koma shimfiɗa yana jin kamar bai yi ba. Matarsa tana jin motsin buta, ba ta da bakin tambaya. 'Ya'yansa ba su sani ba. Shi kuwa ya ce tsufa ne, ko sanyi ne, ko basir ne ya taso, ya aika a sayo masa jiƙo wajen masu tallar magani da lasifika a ranar kasuwa.

Haka a ke tafiya har ranar da fitsarin zai tsaya cak, mara ta kumbura, a ɗauke shi ranga-ranga cikin dare zuwa asibiti. To, a wannan daren ne dattijon zai fara haɗuwa da likitan fiɗa. Abin da zai biyo baya, watau ko ya tsaya a yi masa magani har ƙarshe, ko ya sulale ya koma gida da zarar an sa masa roba ya sami sauƙi, ya danganta ƙwarai da irin mutumin da ya tarar cikin farar rigar nan.

MENE NE CIWON?

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ɗan ƙullutun nama da bai wuce girman goro ba, likitoci na kiransa furostet. Aikinsa shi ne samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi, kuma hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa kamar yadda zare ke ratsa dutsen ado. Mata ba su da shi. Idan namiji ya ba shekara 50 baya, sau da yawa naman nan ya kan ƙara girma ya matse hanyar fitsari. Wannan kumburi na tsufa ba ciwon daji ba ne, kuma shi ya fi yawa. Irinsa aka yi wa Sarki Charles na Ingila aiki a kai cikin watan Janairu na 2024. Ana maganinsa da ƙwayoyi, in ya ƙi a yi fiɗa.

Amma a cikin wannan naman ne kuma ciwon daji kan tsiro, wanda mutane suka saba kira sankarar mafitsara, ko da ya ke ba a jikin mafitsarar ya ke ba. Mugun halinsa shi ne da farko ba ya nuna alama ko ɗaya. Kafin a ga jini a fitsari, ko a ji ciwon baya da ƙugu wanda ba ya jin magani, ko ƙafafu su yi nauyi, sau da yawa ya riga ya bar mazauninsa ya kama ƙashi. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 maza kusan 18,000 ne suka kamu da shi a Nijeriya, fiye da 11,000 kuma suka rasu ta dalilinsa. Babu wani ciwon daji da ya kai shi yawa a tsakanin mazan ƙasar nan. An kuma tabbatar ya fi kama baƙar fata, domin a Ingila an lissafa cewa ɗaya daga cikin baƙaƙen maza huɗu zai gamu da shi a rayuwarsa, alhali a sauran jama'a ɗaya ne cikin takwas.

INDA KUNYA KE KASHE MUTUM

Kowane majinyaci yana bukatar likita mai tausayi, amma mai wannan ciwo bukatarsa ta fi ta kowa, domin tun daga matakin farko sai an taɓa mutuncinsa. Likita ba zai san halin da naman ke ciki ba sai ya sa safar hannu ya taɓa shi da yatsa ta dubura. A dubi wannan al'amari da idon dattijo ɗan shekara 65, mai mata da surukai da jikoki, wanda ko hularsa ba ya cirewa gaban yara, ga shi kuma likitan sa'an ɗansa na uku ne.

A ɗauki misalin likitoci biyu da manomi guda daga ƙauyukan Doma ko Asakiyo. Na farko bai ɗaga kai daga takarda ba, ya ce da Turanci a hau gado a kwance wando, ga ɗalibai tsaye, ga labule a buɗe. Na biyu ya miƙe ya ba shi hannu, ya ce, "Sannu da zuwa Baba, ina gajiya? Yaya aka baro mutanen gida?" Ya sallami kowa daga ɗakin, ya ja labule, ya zana masa hoton mafitsara a takarda, sa'an nan ya ce, "Baba, akwai wani bincike mai nauyi da zan nemi izininka in yi. Ba ya kai minti ɗaya, kuma daga ni sai kai sai Allah." Dattijon ya yi shiru, ya ce, "To ɗana, abin da ka ga ya dace." Ilmin likitocin nan ɗaya ne, takardar shaidarsu ɗaya ce. Amma na farko ba zai sake ganin manomin ba sai ranar da aka kawo shi ba ya iya taka ƙasa, na biyu kuwa ya sami majinyacin da zai bi shi duk inda ya ce. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a ɗakin likita ma haka abin ya ke.

Harshe ma yana cikin amanar. Lafiya gari ne na Barebari da Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani, kuma Hausa ce ta haɗa su a kasuwa. Likitan da ya bayyana wa dattijo ciwonsa da harshen da ya ke ji, ya hutar da shi daga sa ɗansa ko 'yarsa yin tafinta a kan maganar da uba ba ya yi gaban 'ya'yansa. Magabata ba su ɗauki irin wannan bayani abin kunya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, da kansa ya wallafa littafi a kan maganin basir.

LIKITAN DA YA SAURARA

Tarihin fiɗar nan kansa ya nuna amfanin sauraron majinyaci. A shekarar 1904 wani likita mai suna Hugh Young ya fara cire furostet ɗungurungum saboda ciwon daji a asibitin Johns Hopkins na Amurka. Shekara saba'in da 'yan kai bayan haka aikin ya kasance abin tsoro, domin ana zubar da jini da yawa, kuma kusan duk wanda aka yi wa ya kan rasa ƙarfin kusantar iyalinsa. Likitoci sun ɗauka haka abin ya gada, maza da yawa kuwa suka gwammace zama da ciwon.

A 1977 wani da aka yi wa aikin ya koma wajen likitansa, Patrick Walsh, ya gaya masa cewa shi fa lafiyarsa lau ta wannan fannin. Wani likitan da sai ya ce sa'a ce, ya kira na gaba. Walsh ya riƙe maganar, ya ce in mutum ɗaya ya tsira, ashe jijiyoyin ba a cikin naman su ke ba, suna gefensa ne, wuƙa ce ke yanke su bisa rashin sani. A 1981 ya haɗu da wani tsohon likita, Pieter Donker, a garin Leiden na ƙasar Holan, suka bi sawun jijiyoyin har suka gano inda suka bi. Ran 26 ga Afrilu 1982 Walsh ya yi fiɗa ta farko da aka cire furostet aka bar jijiyoyin da gangan. Wannan hanya ce ta bazu a duniya, kuma asalinta magana ce ta majinyaci ɗaya da ya sami mai jinsa.

WANDA YA SAN RANAR AJIYE WUƘA

Idan ana zargin ciwon, a kan auna jini da gwajin da a ke kira PSA, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1986. Hawan PSA kaɗai ba ya tabbatar da ciwon daji, domin kumburin tsufa da ƙwayoyin cuta ma suna ɗaga shi. Abin da ke yanke hukunci shi ne a tsinko ɗan nama da allura a duba a madubin likita. A nan a ke ba ciwon maki bisa ma'aunin da Donald Gleason ya tsara a 1966. Mai maki 6 mai tafiyar hawainiya ne, mai 9 ko 10 kuwa mai gaggawa ne. Irin na biyun aka bayyana cewa tsohon Shugaban Amurka Joe Biden na da shi a watan Mayu na 2025, har ya kai ga ƙashi.

Saboda wannan bambanci, ba kowane mai ciwon ne ya kamata a yanka ba. A Ingila an bi maza 1,643 waɗanda aka gano nasu da wuri, aka kasa su uku, wasu aka yi musu fiɗa, wasu aka gasa wurin da na'urar haske mai ƙona ƙwayoyin cutar, wasu kuma aka riƙa sa musu ido da gwaji a kai a kai. Da aka fitar da sakamako a 2023, bayan shekara 15, sai aka ga kimanin 97 cikin 100 ba ciwon ne ya kashe su ba, ko wane kashi su ke, ko da ya ke ciwon ya fi yaɗuwa a cikin waɗanda aka sa wa ido kawai. Ita fiɗar tana da nata farashi, domin wasu kan yi fama da yoyon fitsari na watanni, wasu su sami rauni wajen iyali ko da an kiyaye jijiyoyin, haihuwa kuwa ta hanyar da aka saba ta ƙare ke nan.

To, wa zai gaya wa majinyaci wannan duka? Mutumin da abincinsa ke bakin wuƙa, shi ne a ke bukata ya ce, "Baba, naka bai kai na yanka ba, mu riƙa dubawa duk bayan 'yan watanni," ko kuwa ya ce, "Naka na yanka ne, ga abin da za ka samu, ga abin da mai yiwuwa ka rasa, je ka yi shawara da uwargida ka dawo." Majinyaci ba shi da hanyar auna gaskiyar wannan magana, ba ya karanta hoton, ba ya gane makin. Abin da ya rage masa shi ne amana. Likitan da ya ɓoye illar aiki don kada majinyaci ya gudu ya ci amanar nan, kuma ran da abin ya bayyana, dattijon zai gaya wa duk sa'o'insa a majalisa su guji asibiti.

MAGANA MAI NAUYI

Abin takaici, yawancin masu zuwa asibitocin ƙasar nan sai ciwon ya yi nisa su ke zuwa, lokacin da cire naman ba zai wadatar ba. Duk da haka ba a ce magani ya ƙare ba. Tun a 1941 Charles Huggins na Jami'ar Chicago ya nuna cewa ciwon yana rayuwa ne da sinadarin mazakuta wanda maraina ke samarwa, in an yanke masa wannan abinci sai ya lafa. Wannan bincike ya jawo masa lambar Nobel a 1966. Ana yin haka ta hanya biyu, ko dai allura duk wata ko duk wata uku, mai tsada kuma ba a fashi, ko kuwa ƙaramar fiɗa sau ɗaya a cire 'ya'yan maraina. Ciwon ƙashi kan ragu, fitsari kan saki, mutum ya sami watanni masu yawa ko shekaru yana harkokinsa, ko da ya ke ciwon kan farfaɗo daga baya a koma ga wasu magunguna.

Babu maganar da ta fi wannan nauyi a kunnen namiji. In an jefa masa ita a tsaye a bakin ƙofa, sai ya tashi ya kaɗe riga, ya ce gara ya mutu da mutuncinsa, ya koma ya sayar da gona ya kai wa mai maganin da ya yi masa alkawarin warkewa cikin kwana bakwai. Likita mai tausayi zaunar da shi ya ke yi, ya tambaye shi abin da ya fi tsoro, ya lissafa masa kuɗin allura na shekara tsakani da Allah, ya gaya masa abin da zai canja a jikinsa da abin da ba zai canja ba, ya ba shi kwanaki ya yi tunani. In dattijon ya yarda, a kira uwargida a yi maganar tare, domin ita za ta yi jinya, kuma ita a kan zarga in abubuwa suka canja a ɗaki ba ta san dalili ba.

DAGA LAFIYA ZUWA INA?

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga Jihar Filato ran 1 ga Oktoba 1996, babban asibitin da mutanen Lafiya da Doma da Obi da Keana da Awe suka dogara da shi shi ne Asibitin Ƙwararru na Dalhatu Araf, wanda daga baya aka miƙa wa Gwamnatin Tarayya domin ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Lafiya. Akwai kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi. Amma na'urar gashin ciwon daji ba a ko'ina a ke samunta ba, wanda aka rubuta wa ita sai ya kama hanyar Akwanga da Keffi zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, ko ya zarce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Gashin kan ɗauki makonni, kusan kullum sai an je, ga kuɗin mota da masauki da abincin mai jinya.

A nan ma a ke gane likitan kirki. Ba ya riƙe majinyaci don kada a ce ya kasa. Ya kan rubuta cikakkiyar takarda, ya haɗa da sakamakon gwaje-gwaje don kada a sake biyan kuɗinsu, ya faɗi ranar da a ke ganin masu irin ciwon a can, ya ce in an gama a dawo masa. Ya kan kuma sanar da marasa ƙarfi cewa Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun tallafa wa masu ciwon daji na nono da na bakin mahaifa da na furostet, wanda aka fara da asibitoci shida, har da na Abuja da Zariya da Gombe. Mutumin ƙauye ba zai ji labarin wannan asusu a gona ba.

Sai dai kuma adalci ne a faɗi halin da likitocin ke ciki. A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar, waɗanda suka rage ba su wuce 55,000 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Likitan da ya kwana a ɗakin fiɗa, ya fito ya tarar da layi har waje, ina zai sami rabin sa'a ya zauna da dattijo ɗaya? Tausayi yana bukatar lokaci, lokaci kuwa sai da isassun ma'aikata. Mujallar likitoci ta The Lancet ta yi hasashe a 2024 cewa masu kamuwa da ciwon a duniya za su ninka, daga miliyan 1.4 a shekara ta 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040, kuma ƙasashe matalauta ne za su fi jin jiki. Ya kamata hukumomi a Lafiya da Abuja su riƙe ƙwararrun da ke hannu da albashi da kayan aiki, su kuma horar da wasu tun yanzu.

HAKKIN MAJINYACI DA NAUYIN DA KE KANSA

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, da kundin hakkokin majinyata da aka ƙaddamar a 2018, sun ba kowa hakkin a yi masa bayani yadda zai gane, a rufa masa asiri, kuma kada a yi masa aiki sai da yardarsa. Saboda haka ba rashin kunya ba ne dattijo ya tambaya: Ciwon ya tsaya wuri ɗaya ko ya yaɗu? Makinsa nawa? In ba a yi fiɗa ba, wace hanya ce kuma? Sau nawa likita ya yi irin wannan aiki? Nawa za a kashe daga farko har ƙarshe? Wa za a nema in roba ta toshe da dare? Likita mai amana ba ya fushi da waɗannan tambayoyi, kuma ba ya hana a je a ji ta bakin wani likitan. Wanda ya yi rantsuwar warkarwa tun bai ga sakamakon gwaji ba, ko ya fara da maganar kuɗi kafin maganar ciwo, a yi hattara da shi.

Amana kuwa hannu biyu gare ta. Majinyaci ya faɗi gaskiyar lokacin da abin ya fara, ya faɗi jiƙe-jiƙen da ya sha, kada ya tsallake ranar allura don ya ji sauƙi. 'Ya'ya kuma su daina roƙon likita ya ɓoye wa mahaifinsu sunan ciwonsa. Mutumin da ya riƙe gida shekara arba'in ya isa ya ji gaskiyar jikinsa, ya tsara al'amuransa da kansa.

Ciwon nan ba hukuncin kisa ba ne in an tare shi da wuri. An yi wa Nelson Mandela gashi a 2001 yana da shekara 83, ya rayu har 2013. An gano na Desmond Tutu a 1997, bai rasu ba sai 2021. Wole Soyinka ya tara 'yan jarida a Abeokuta a 2014 ya faɗa da bakinsa cewa an yi masa magani ya warke, don wasu su ji su je asibiti. Ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka ta ba da shawara baƙar fata ya fara tattauna gwajin da likita tun yana shekara 45, wanda kuwa ciwon ya kama 'yan'uwansa na jini fiye da ɗaya da sauran ƙuruciyarsu, tun yana 40.

Saboda haka mai karatu da ke jin motsin butar mahaifinsa sau biyar a dare, kada ya jira ranar da za a nemi mota da tsakar dare. Ya nemi aminin tsohon ko ƙaninsa, wanda zai iya yi masa maganar da ɗa ba zai iya ba, su raka shi asibiti da ƙafarsa. In Allah ya haɗa su da likitan da ya ja labule, ya gaishe shi da girmamawa, ya gaya masa gaskiya mai daɗi da mara daɗi, to, su riƙe shi hannu biyu, su bi ranakun da ya ba su. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.